Dutsen Bayan Gari da Ruwan Rijiyoyinmu: Muhawarar 'Yan Gida Kafin Zaman Asabar

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina roƙon a dakata da tura tallace-tallace da hotunan biki zuwa gobe, akwai maganar da ta shafi kowa. Na gida sun sani, amma 'yan uwanmu da ke cikin Bauchi da Gombe da Kano wataƙila ba su ji ba. Wani kamfani na son buɗe wurin fasa dutse a dutsen bayan gari. Masu awonsu sun zo sun kafa turaku masu jan fenti tun daga gonakin gindin dutse har kusa da fadama. Sun ce suna da takarda daga Abuja. Ranar Asabar mai zuwa za su dawo ƙofar dagaci, suna so dattawa da masu gonaki su sa hannu. Alkawarinsu uku ne: gyaran hanyarmu zuwa bakin titin Dass, ɗaukar yaranmu aiki, da burtsatse guda ɗaya. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne ruwa. Ruwan famfo na madatsar Gubi bai zo nan ba, rijiya muke sha, rijiya dabbobinmu ke sha. Daga gindin dutsen zuwa gidan ƙarshe na unguwar gabas bai cika kilomita 2 ba. Mai ilimin abin nan ya taimaka mana da bayani tun kafin Asabar.

Ɗan Tifa:
Wa'alaikumus salam Malam. Ni dai ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Mu da ke harkar tifa mun san wahalar da muke sha, sai mun ƙona mai mun je wani gari mun bi layi kafin mu samu lodin tsakuwa. Ku dubi matasan da ke wuni a gindin dogon yaro babu aikin fari babu na baƙi. Dutsen nan tun kakanni yana nan, in ban da birai masu ɓarnar masara me ya taɓa ba mu? Kuma ruwa yana ƙarƙashin ƙasa, dutse yana sama. Me ya haɗa su?

Alhaji Mai Bulo:
Gaskiyarka ɗana. Garin dutse da muke haɗawa a bulo, kuɗin mota ya fi kuɗin kayan. In an buɗe a nan, kowa zai yi gini da sauƙi. Tunda Abuja ta ba su takarda, ai an bincika. Kada mu kori arziki da surutu, su tattara su tafi garin gaba mu zo muna cizon yatsa.

Maman Ummi:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, da ku ake yin bulo amma da mu ake jan guga. Yanzu haka da bazarar nan, mata na fita rijiyar masallaci tun kafin kiran assalatu, saboda wadda ta makara laka za ta ɗebo. Rijiyoyin unguwar yamma sun ƙafe tun watan jiya, gaba ɗaya gari ya koma kan na gabas. In waɗannan suka samu matsala ina za mu? Burtsatse ɗaya ba zai shayar da garin nan ba ko da dare da rana yake zuba.

Na Kano:
Ku tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010. Yara sama da 400 gubar dalma ta kashe saboda haƙar ma'adinai. Ni ban yarda a taɓa dutsen nan ba sam.

Injiniya:
Salam 'yan uwa. Yanzu na dawo daga wurin aiki na ga saƙonni. Hamma Na Kano, abin Zamfara daban ne. Can duwatsun zinare ne masu ɗauke da dalma mutane ke kawowa cikin gida suna dakawa suna niƙawa, yara na shaƙar ƙurar suna wasa a cikinta. Dutsenmu dutsen gini ne. In muka tafi zaman Asabar da maganar dalma, mutanen kamfani za su kayar da mu a minti biyar, sauran maganganunmu na gaskiya su bi ruwa. Haɗarinmu wani ne, bari in yi bayani, ku yi haƙuri da tsawo.

Ƙasar Bauchi ta wannan ɓangare, har Dass da Toro da Ningi, tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri. Ba kamar Alkaleri ko Darazo ko Dukku ba, inda ƙasa dutsen yashi ce mai kauri, ruwa ya nutse can ƙasa, a wasu wuraren sai an wuce mita 100 kafin a same shi. Mu namu ruwan yana kusa, amma ba shi da yawa. A wuri biyu kawai yake ɓuya. Na farko, ruɓaɓɓen dutsen da ke tsakanin ƙasar noma da uwar dutse, shi rijiyar hannu ke sha. Na biyu, tsagogin da ke cikin uwar dutsen kanta, su muke nema da na'ura idan za mu haƙa burtsatse. Shi ya sa za ka haƙa a gidan nan ka samu, ka matsa gida uku ka yi asarar kuɗinka.

To Ɗan Tifa, ga abin da ya haɗa dutse da ruwa. Ruwan saman da ya sauka a kan falalen dutse ba ya nutsewa a wurin, gangarowa yake yi gaba ɗaya ya taru a gindi, a nan yake shiga ƙasa. Ba banza ba fadamarmu ta zauna a inda take. Idan aka share ƙasar gindin, aka tara tsibin tsakuwa, aka karkatar da magudanar da ke saukowa, an taɓa hanyar da ruwan ke bi ya shiga rijiyoyi.

Amma babbar tambayar ita ce zurfi. Muddin saman dutsen suke ci, abin da sauƙi. Ranar da suka gama da sama suka fara nutsawa ƙasa, ramin ya wuce inda ruwa yake, to ramin ya zama rijiya mafi zurfi a yankin. Ruwa zai riƙa tsattsafowa cikinsa ta kowace tsaga. Ba za su iya aiki cikin ruwa ba, sai su sa inji suna zuƙewa suna zubarwa kullum. Duk rijiyar da ke kan tsaga ɗaya da ramin, ruwanta zai ja baya. In dutsen a dunƙule yake babu tsagogi masu tsawo, illar ba za ta yi nisa ba. In akwai babbar tsaga da ta miƙe daga dutsen zuwa gari, za ta iya kaiwa nesa ta wannan layin kawai, ta bar rijiyoyin gefe lafiya lau. Babu injiniyan da zai zauna a ofis ya ce muku ga wanda zai faru. Sai an yi awo a wurin.

Ɗan Tifa:
Injiniya na ji. Amma kai da bakinka ka ce wataƙila ba zai yi nisa ba. A kan wataƙila za mu hana mutane abinci?

Injiniya:
Ban ce a hana ba, ƙanena. Cewa na yi a auna tukuna. Kamfanin da zai sayi injin niƙa dutse da katafila, kuɗin binciken ruwa ba zai gagare shi ba.

Baban Khalifa:
Na kai wa Baba Mai Rijiya wayata na karanta masa bayanin Injiniya. Ya yi saƙon murya, amma saboda masu ƙarancin data ga abin da ya ce na rubuta:

"Ku gaya wa yaron nan Injiniya ya yi karatu. Yawancin rijiyoyin unguwar gabas ni da mahaifina muka haƙa su. In ka fara, jar ƙasa ce, sai marmara, sai ka iske wani dutse mai ƙyalli-ƙyalli da ya ruɓe, kana damƙarsa yana marmashewa a hannu. Da ka ji sanyinsa a tafin ƙafa ka san ka kusa. A gaba shida ko bakwai ake samun ruwa a nan. In ka wuce shi, diga ta yi ƙara ta dawo maka, ka kai uwar dutse, sai ka fito. Kuma duk rijiyar da na shiga yasa a unguwar nan, idon ruwan ta bangon gabas yake fitowa, wato ta wajen dutse. Ban taɓa ganin ya fito ta yamma ba. Na unguwar yamma sun fi zurfi kuma su ke fara ƙafewa. Abu na biyu, rabin rijiyoyin nan ba a ɗaure su da siminti ba sai baki kawai. In ƙasa ta riƙa girgiza, bango zai riƙa zubewa ciki. Wannan shi ne abin da na sani, sauran na masu boko ne."

Injiniya:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Maganar idon ruwa ta bangon gabas ta fi duk abin da na rubuta nauyi, don shi ya gani da idonsa a ƙasan rijiya. A rubuta ta, ya sa hannu ko ya dangwala, a ajiye.

Barista:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina so in taɓa maganar Alhaji cewa tunda Abuja ta ba da takarda an gama. Baba Alhaji, da girmamawa, takarda ba ɗaya ba ce.

Gaskiya ne ma'adinan da ke cikin ƙasa, har da dutsen gini idan za a fasa don kasuwanci, a hannun gwamnatin tarayya suke. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya faɗa, dokar ma'adinai ta 2007 ta maimaita. Ofishin rajistar ma'adinai da ke Abuja shi ke ba da lasisi, ba gwamna ba, ba shugaban ƙaramar hukuma ba. Amma lasisin kala-kala ne. Akwai na bincike, wanda bai ba kowa damar fasa dutse ya sayar ba. Akwai na fasa dutse, wanda filinsa ba ya wuce murabba'in kilomita 5, wa'adinsa shekara 5 ana sabuntawa. Har izinin amfani da ruwa ma takarda ce mai zaman kanta a dokar. Saboda haka tambayar farko ranar Asabar: wace takarda ce a hannunku, mece ce lambarta, kuma ina taswirar iyakarta?

Ko da lasisin fasa dutsen ne a hannunsu, doka ba ta ce su shigo da nakiya washegari ba. Sai sun gabatar da rahoton nazarin tasirin aikin ga muhalli, wanda aka fi sani da EIA, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta amince da shi. Dokar wannan nazari tun 1992 take, kuma ta ambaci fasa dutse da ke cikin kilomita 3 daga wurin zaman mutane cikin ayyukan da nazarin ya zama dole. Ana baje rahoton na kwanakin aiki 21 don jama'a su karanta su kai ƙorafi, yawanci a ma'aikatar muhalli ta jiha da sakatariyar ƙaramar hukuma. Wa ya taɓa jin an baje namu? Sannan sai sun ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar ci gaban al'umma da garin da za su zauna, kafin fara aiki, ana sake duba ta duk shekara 5. Sai sun biya diyyar amfanin gona da itatuwa. Dokar kuma ta cire filin da gari ko kasuwa ko maƙabarta ke kai daga inda za a yi haƙa. A duba turakun nan da kyau, ina suke da maƙabartarmu.

Akwai kuma ƙa'idar 2013 ta NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a kan fasa dutse da tayar da nakiya, wadda ta hana kafa irin wannan wuri cikin kilomita 3 daga gidajen jama'a. Malam ya ce namu bai cika 2 ba.

Alhaji Mai Bulo:
'Yata, in aka bi maganar kilomita 3 ɗin nan, wuraren fasa dutse nawa za su rage a ƙasar nan? Ki zagaya ki gani, wasu katanga ce kawai tsakaninsu da gidaje. Doka a takarda daban, abin da ake yi daban.

Barista:
Haka ne Baba, ana take ta, wani wurin kuma gari ne ya faɗaɗa ya iske su. Amma mu gari ya riga su zuwa. Don an take doka a wani wuri ba zai sa mu miƙa tamu da hannunmu ba. Ko da a ƙarshe za a yi aikin, wanda ya san kamfani na buƙatar yardarsa ba ya zama teburin ciniki kamar mai roƙo.

Na Kano:
Ni fa jikina na ba ni an riga an gama komai a fada. Wa ya san abin da aka karɓa? Ba a kafa turaku a gari ba tare da sanin masu gari ba.

Baban Khalifa:
Na Kano, wannan ba ta cikin tsarin zauren nan. Ba ka gani ba, ba ka da shaida. Dagaci ubanmu ne gaba ɗaya, 'ya'yansa na cikin nan. Ka goge, ko in goge.

Yarima:
Malam bar shi, na riga na karanta. Yaya Na Kano, Allah ya huci zuciyarka. Baba bai sa hannu a komai ba, bai karɓi komai ba in ban da goron gaisuwa da aka raba a gaban kowa. Shi ne ma ya ce ba zai yi magana ba sai an tara gari. Abin da ba ku sani ba shi ne, wakilin kamfanin ya bi wasu masu gonakin gindin dutse gida-gida da dare, kuma aƙalla mutum biyu sun karɓi kafin alƙalami sun dangwala. Ba zan faɗi suna ba. Ga hoton takardar da suka bar mana, Barista ki duba.

Barista:
Na gode Yarima. Jama'a, wannan ba lasisi ba ce. Shaidar karɓar takardar neman lasisin fasa dutse ce, wato sun nema, ba a ba su ba tukuna. Shafi na biyu kuma fom ne na amincewar masu ƙasa. Shi suke so a cike ranar Asabar, domin neman nasu ba ya cika sai da shi. Babu kalma ɗaya a ciki game da hanya, ko aiki, ko burtsatse. Ruwa ma ko ambatonsa ba a yi ba. In aka sa hannu a wannan, mun ba da abin da ke hannunmu, mun karɓi alkawarin baki.

Waɗanda suka riga suka dangwala kada a tsangwame su. Bazara ce, rumbu ya yi ƙasa, mutum ya ga kuɗi a hannu. A jawo su cikin magana, gonakinsu ne kan gaba wajen shan ƙura.

Ɗan Tifa:
To ni wannan ta ba ni haushi. Cewa suka yi mana matasa 40 za su ɗauka. In da gaske suke me ya hana su rubuta? Amma ina nan kan bakana, aikin nan ina so ya zo. Kada a wayi gari manya sun yi ta turanci har kamfani ya gudu.

Maman Ummi:
Injiniya, tambaya nake da ita a matsayina na ma'aikaciyar asibiti. Ban da ƙafewa, ruwan zai iya gurɓata? Na ji ana cewa nakiyar da taki ake yin ta.

Injiniya:
Adda, haka ne. Abin da aka fi amfani da shi wajen fasa dutse haɗin amoniyam naitiret, wani nau'in takin zamani, ne da man dizal. Ba duka ke ƙonewa ba. Wanda ya zube wajen ɗura ramuka da wanda ya ƙi tashi, ruwan sama na narkar da shi ya shiga ƙasa. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya da na Hukumar Lafiya ta Duniya duk sun tsaya a miligiram 50 na naitiret a lita ɗaya. Ba ya canja launi, ba ya wari, tafasawa ba ta cire shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi. Jarirai 'yan ƙasa da wata shida ya fi kamawa, musamman waɗanda ake dama wa madara da ruwan rijiya, jininsu ya kasa ɗaukar iska yadda ya kamata. Sai kuma dizal da baƙin mai daga garejinsu, da garin dutse da ruwan damina zai wanke ya kwantar a fadama ya toshe ƙasar. Girgizar nakiya ita kuma takan dama ruwan rijiya ya yi fari-fari, ta zubar da bangon da ba a ɗaure ba, kamar yadda Baba ya faɗa.

Yanzu ga inda nake so kowa ya buɗe kunne. Naitiret na fitowa daga masai da takin gona ma. Rijiya kuma na ja baya saboda ƙarancin damina ko yawan mutane. Idan bayan shekara uku rijiyar masallaci ta ƙafe muka kai kuka, lauyan kamfani zai ce dama can tana ƙafewa. In an samu naitiret ya ce masanku ne. Da me za mu ƙaryata shi? Na ga irin wannan a wani gari da na yi aiki, mutane na rantsuwa da Allah ruwansu ya canja, amma babu ko takarda ɗaya da ke nuna yadda yake a da. Haka maganar ta mutu.

Saboda haka aikin da ya fi gaggawa ba ya buƙatar izinin kowa, kuma yanzu ne lokacinsa, tunda a ƙarshen rani ruwa ke kaiwa iyakar ƙasansa. A bi rijiyoyi ɗaya bayan ɗaya. A yi wa bakin kowace alama da fenti, daga wannan alamar za a riƙa awo kullum. A ɗaura ƙaramin ƙarfe a bakin tef ɗin awo, a zura har a ji ya taɓa ruwa, a rubuta. A sake zurawa har ƙasa, a rubuta zurfin rijiyar. Da asuba za a yi, kafin a fara ja. A ɗauki hoto da waya mai nuna rana da wuri. A maimaita duk wata, har cikin damina da kaka. Littafi guda mai bango, mutum biyu na sa hannu a kowane shafi. Sannan a ɗebi ruwan rijiyoyin da suka fi kusa da dutse, da guda ɗaya ta yamma don kwatance, a kai ɗakin gwaji. A tuntuɓi RUWASSA, hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiha, ko sashen nazarin ƙasa na jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke Bauchi su nuna inda za a yi gwajin da za a karɓa a hukumance. Tun ran gini ran zane.

Maman Ummi:
Asubar nan mu ke wurin dama. Zan yi wa matan unguwar gabas magana su jinkirta guga har a auna. Kuma ina roƙo, zaman Asabar a ba mata wuri su yi magana da bakinsu, ba a ce an wakilce mu ba. Maganar ƙura ma a sa ta. Masu aikin niƙa dutse ba tare da abin rufe hanci na ƙwarai ba, ƙurar na taruwa a huhu, kuma ciwon ba ya warkewa. Yaranmu ne za su tsaya a bakin injin, Ɗan Tifa ka ji.

Ɗan Ardo:
Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu. Kowa na maganar rijiyar cikin gari, ba wanda ya ambaci marmaron da ke bayan dutse ta arewa. Shi ne ruwan shanunmu daga tsakiyar rani har faɗuwar ruwa, kuma turaku biyu na gani a kansa. Burtalin da muke bi ma ya faɗa cikin abin da suka zagaye. Mu ba mu da gona a wurin, don haka ba wanda ya zo rugarmu neman sa hannu. In aka rufe burtali, shanu ta gonakin mutane za su bi, kun san abin da ke biyo baya.

Alhaji Mai Bulo:
Ai in sun gama, ramin zai tara ruwa, ku samu dam kyauta.

Ɗan Ardo:
Baffa, saniya ba ta sauka bango a tsaye. Kuma shekarun da za a yi kafin su gama fa, me za su sha?

Injiniya:
Gaskiyar Ɗan Ardo. Wanda ya san Mpape a Abuja ya ga tsohon ramin fasa dutsen da aka bari ya cika da ruwa, mutane na zuwa ɗaukar hoto. A kusa da ƙauye irin wannan rami tarkon yara ne masu wanka. Doka ta ɗora wa kamfani gyara wuri bayan ya tashi, amma in ba a rubuta yadda za a yi da wanda zai biya ba, da wuya a ga ƙeyarsu. Marmaron kuma ya shiga littafin awo. A sa bokiti a ga minti nawa yake ɗauka ya cika, a rubuta.

Na Kano:
Yarima na ji bayaninka, Allah ya bar zumunci. Tambayata: ina za su ajiye nakiyar? Kowa ya ji fashewar da ta faru a Bodija ta Ibadan a Janairun 2024, gwamnatin Oyo ta ce abin fashewar masu haƙar ma'adinai ne aka ajiye a cikin gida.

Barista:
Tambaya ce mai kyau Yaya. Saye da ajiye nakiya izininsa daban ne, ƙarƙashin dokar abubuwan fashewa ta 1964, sashen sa ido kan ma'adinai na ma'aikatar ma'adinai ta tarayya ke kula da shi. Za mu nemi su nuna inda rumbun zai zauna a taswira.

Ga shawarata game da Asabar. A karɓe su da mutunci, a ba su ruwa su sha, amma kada kowa ya sa hannu. A miƙa musu buƙatunmu a rubuce, a aika kwafi ga Hakimi, da shugaban ƙaramar hukuma, da hukumar kare muhalli ta jiha wato BASEPA, da ofishin NESREA na Bauchi, da jami'in ma'adinai na tarayya da ke jihar. Akwai kwamitin ma'adinai da muhalli da dokar 2007 ta kafa a kowace jiha, MIREMCO, shi ma a kai masa, don irin wannan saɓani na cikin aikinsa. In ana ɓoye mana wata takarda, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ofishin gwamnatin tarayya kwana 7 ya amsa.

A cikin yarjejeniyar kuma ba na son kalmar "za mu taimaka da ruwa". A rubuta iyakar zurfin da ba za su wuce ba sai an sake bincike. A rubuta cewa za su haƙa ramukan sa ido tsakanin dutse da gari, ana auna su a gaban wakilinmu. A rubuta cewa in ruwan rijiya ya sauka ƙasa da abin da littafinmu ya nuna, ko gwaji ya nuna gurɓata, su za su kawo ruwa cikin kwanaki kaza, ba sai an je kotu an tabbatar da laifin wa ba. Burtsatsen da suka ce, a faɗi guda nawa, a ina, mai sola ko tuƙa-tuƙa, wa zai gyara in ya lalace, kuma a gama shi ruwa na zuba kafin tashin nakiyar farko.

Alhaji Mai Bulo:
Sharuɗɗan nan sun yi yawa. Ina tsoron su ce ba za su iya ba. Ni dai na faɗi tawa, kuma ranar Asabar zan maimaita a gaban kowa.

Ɗan Tifa:
Anti Barista, ki ƙara da adadin 'yan gari da za a ɗauka da irin aikin, ba gadi da share-share kawai ba. Da cewa tifofin gari za su samu lodi. In an sa wannan, ni da yarana za mu riƙe tef ɗin awo, ina da mai mita 50 a mota.

Yarima:
Na karanta wa Baba duka. Ya ce ba za a sa hannu ranar Asabar ba, kuma gobe zai je ya sanar da Hakimi da kansa. Ya ce a gaya wa Ardo ya zo zaman, a kuma shimfiɗa wa mata tabarma ta gefen rumfa. Masu gonakin da suka karɓi kuɗi shi zai kira su, kada wani ya je musu.

Baban Khalifa:
Madalla. Awo zai fara jibi bayan sallar asuba daga rijiyar masallaci. Ɗan Tifa da tef, ni da littafi, Maman Ummi da matan unguwa, Baba Mai Rijiya zai nuna mana tsofaffin rijiyoyin da ke cikin gidaje. Ɗan Ardo, ka jira mu a marmaro da hantsi. Kuɗin gwajin ruwa sai mun yi karo-karo. Injiniya, ka binciko nawa ne kowane samfur, kuma a wace irin roba ake ɗiba, don kada mu kai a ce ba a karɓa.

Injiniya:
Zan kira su da safe. Kada a ɗebi ruwan gwaji jibi, awo kawai za a yi. Na gwaji sai ranar da mota za ta shiga Bauchi, don ana so ya isa a ranar cikin sanyi. A nemo kula da ƙanƙara.